Gida a Kan Teku: Sharhi Kan Abin da Samarinmu Ke Kallo a Shagon Caji

Duk mai wucewa ta bakin shagon caji bayan sallar isha'i ya ga samarinmu sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Da mun ɗauka ƙwallo ce. Da muka leƙa sai muka tarar wani Bature ne da abokiyar zamansa a cikin jirgin ruwa, ruwa garau har ana hango yashin ƙasa, ga bishiyoyin kwakwa a bakin tsibiri. Wani yaro ya ce mana, "Baba, ai waɗannan su suka san daɗin duniya. Ba kuɗin haya, ba kuɗin wuta, ba gosulo." Maganar nan ce ta sa mu ma muka ƙona tamu datar, muka kalli kashi da dama, don kada mu yi magana a kan abin da ba mu gani ba.

Sunan shirin Sailing La Vagabonde, a YouTube yake. Masu shi 'yan Ostireliya ne, Riley Whitelum da Elayna Carausu. Shi Riley ya yi shekaru yana aiki a rijiyoyin mai na cikin teku, ya tara kuɗi, ya je Italiya ya sayi jirgi mai tafiya da iska alhali bai iya tuƙa shi ba. A 2014 suka haɗu a tsibirin Ios na ƙasar Girka, suka fara ɗaukar bidiyo. Suka haye Tekun Atlantika zuwa tsibiran Karibiyan, suka bi ta mashigin Panama suka faɗa Fasifik. A 2017 suka koma wani jirgin mai ciki biyu, kamar an haɗa kwalekwale biyu da dandamali a tsakani. A cikinsa suka ɗauko yarinyar nan 'yar Suwidin mai fafutukar sauyin yanayi, Greta Thunberg, daga Amurka ranar 13 ga Nuwamban 2019, suka sauke ta a Lisbon ranar 3 ga Disamba, da jaririnsu a cikin jirgin.

Gaskiya shirin yana da abin yabo, sai dai ba a inda yaranmu suka fi zuba ido yake ba. Inda ya fi armashi shi ne inda ake wahala.

Ku dubi ruwan sha. Mutum yana tsakiyar ruwa, gabas da yamma, amma ko kurɓi ɗaya ba zai iya sha ba saboda gishiri. Abin da ke cikin tanki shi ne rayuwarsa, da awo ake wanka, da awo ake wanke kwano. Wasu jiragen suna da injin tace gishiri, shi kuma injin wuta yake ci, wutar kuma daga sola da batir take, in gajimare ya rufe kwana biyu sai a shiga lissafi. Mu da muke ƙirga jarkokin mai ruwa kafin ya juya kurarsa, ba sai an fassara mana wannan ba. Haka ɗakin kwana: ɗan akurki ne, komai da mazauninsa, in ka ajiye kofi ba daidai ba igiyar ruwa ta kifar maka. Mai iyali a ciki ɗaya a garin nan na Abuja zai ce ai wannan gidana ne, sai dai nawa ba ya rawa.

Sai tsaron dare. A tsakiyar teku ba a fakin. Daga tsibiran Galapagos zuwa na Marquesas kusan mil 3,000 ne, tafiyar mako uku ko kusa da haka, ba ƙasa ko ta taki ɗaya. Dole ɗaya ya kwanta ɗaya ya zauna yana duba iska da fitilun manyan jirage, bayan 'yan sa'o'i a yi canji. In abu ya lalace, kuma kullum sai wani abu ya lalace don gishiri ba ya barin ƙarfe, babu bakanike irin na Apo da za a kira. Kuma ba a tashi don an ga dama. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne a Karibiyan, mai hankali ya kauce ko ya ɗaure jirginsa. A irin waɗannan wurare fuskokinsu kan nuna gajiya da tsoro na gaske, a nan ne muka yarda da su.

To amma fa shirin kasuwa ne, kuma kasuwa ta san abin da take baje wa a gaba. Minti biyu na gyaran famfo, minti goma na kyamara tana shawagi a sama tana nuna farin yashi, da kiɗa mai sanyi. Wannan "ba haya" da yaron ya faɗa ba haka ba ne. Akwai kuɗin tashar jirage, da na shiga kowace ƙasa, da inshora, da gyara. Masu kallo ne ke biya, ta hanyar talla da kuma Patreon, inda mutum ke yanka wa kansa abin da zai riƙa ba su. Wato jirgin shi ne shagonsu, hutun da ake nuna mana shi ne hajar. Ba laifi ba ne, sana'a ce. Amma a gaya wa yaro cewa har da datarsa ake sayen igiyar jirgin.

Akwai kuma abin da ba sa tsayawa a kansa don su bai dame su ba: fasfo. Ɗan Ostireliya ya ɗaga ƙaramar tuta rawaya ya shiga tashar wata ƙasa, a buga masa hatimi a mafi yawan wurare. Riƙe koren fasfonmu ka gwada. Mu ma nan baƙi ne, iyayenmu sun baro Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, kuma mun san tashi. Sai dai su in wuri ya ishe su sai su janye ƙugiyar jirgi su ƙara gaba, mu kuwa jan fenti ake shafa wa bango, a ce rusau na tafe.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne mutanen tsibiran. Galibi wucewa suke yi ta gaban kyamara: mai sayar da kifi, yaro mai ɗaga hannu, mace mai murmushi a kasuwa. Ba a cika zama a tambaye su yadda suke samun ruwa ko abin da guguwar bara ta yi musu ba. Alhali yawancin mutanen Karibiyan jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka, har da Hausawa a cikin waɗanda aka rubuta a takardun gonakin rake na Haiti. Iskar da ke tura jirgin La Vagabonde yamma, 'yar'uwar iskar hunturunmu ce mai tasowa daga arewa maso gabas, ita ce ta tura jiragen da suka kai su can.

Mu ma muna da namu masu zaman ruwa, ba wanda ya ɗauke su bidiyo da kiɗa. Gungawa sun zauna a tsibiran Kwara a ƙasar Yawuri, har madatsar Kainji ta 1968 ta sa aka tashi mutum kimanin 44,000. Masuntanmu suna wata da watanni a tsibiran Tafkin Chadi, kifinsu ne muke saye a kasuwar Kado. Kuma labarinsu ba ya zuwa mana sai ranar makoki. A Mayun 2021 jirgin da ya nufi Wara a jihar Kebbi ya kife da mutum fiye da 150, kaɗan aka ceto. A Yunin 2023 fiye da 100 suka rasu a Patigi suna dawowa daga biki. Allah Ya jiƙansu. Lodi fiye da kima, tafiyar dare, babu rigar kariya. Abubuwan da Turawan nan ke lissafawa kafin su kwance igiya ke nan, kuma daidai nan yaranmu ke danna waya su tsallake zuwa wajen ninƙaya.

Sallah na zuwa, za su ɗunguma tafkin Jabi su hau kwalekwale su yi hoto, wasu su cire rigar kariya don kada ta ɓata musu shadda. Jiya mun koma shagon cajin, muka tambayi wa ya iya ruwa a cikinsu. Mutum ɗaya ya ɗaga hannu, wani ɗan Yawuri mai sayar da busasshen kifi. Shi kuma cajin tocila ya kawo shi, ya ce bai taɓa kallon shirin ba.