Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: ƴan majalisun jahohin Amurka da dokar wiwi

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata magana da ke yawo a fada-fada da ɗakunan jami'a duk lokacin da aka taɓo zancen tabar wiwi: wai ai Amurka ma ta halatta. Mai sha yana faɗinta don ya kare kansa, mai wa'azi yana faɗinta don ya nuna Turawa sun lalace. Dukansu biyun suna magana kamar wasu dattawa ne suka zauna a Washinton suka auna riba da hasara, sannan suka yanke hukunci. Ba haka abin ya gudana ba. Ni ban goyi bayan shan wiwi ba, addinina ya hana, kuma na ga abin da take yi wa samari. Abin da nake so mu duba shi ne halin da ƴan majalisun jahohin Amurka suka nuna a wannan lamari. A ganina mafi yawansu, masu so da masu ƙi, sun guje wa aikin da aka zaɓe su su yi.

Sai mu fara da tsarin ƙasar. Amurka tana da jahohi 50, kowace da gwamnanta da majalisarta na zaɓe, kuma kowace tana rubuta dokokinta na hukunta laifi. Ba irin jahohinmu ba ne da ake naɗo gwamna daga Yamai. Gwamnatin tarayya ta sa wiwi cikin rukunin ƙwayoyi mafi haɗari a dokar 1970, zamanin Nixon, kuma har yau shan ta don nishaɗi laifi ne a dokar tarayya. Amma mafi yawan kamen wiwi ƴan sandan jaha da na birni ke yin shi, da dokar jaha. Ke nan ɗan majalisar jaha shi ne mai riƙe da mabuɗin gidan kaso. Zuwa ƙarshen 2023 jahohi 24 sun halatta wa manya shan ta.

To, wa ya buɗe ƙofar? A kusan rabin jahohin akwai tsarin da jama'a za su tara sa hannu su kai doka zaɓen raba gardama ba tare da sun bi ta majalisa ba. Ta nan Kalifoniya ta halatta wiwi don magani a 1996. Ta nan Kolorado da jahar Washinton suka halatta ta don nishaɗi a 2012. Sai a 2018 aka samu majalisar farko, ta Vermont, da ta halatta da ƙuri'ar ƴan majalisa, ita ma ɗin mallaka da shuka kaɗan kawai ta yarda da su, ban da sayarwa. Majalisar farko da ta tsara kasuwar sayarwa da kanta ita ce ta Ilinoi, a 2019. Shekara 7 ke nan bayan Kolorado.

Wani zai ce wannan jinkiri ai natsuwa ce. Da natsuwa ce da mun yaba. Ku dubi Niyu Jasi. A watan Maris na 2019 aka tsaida ranar ƙuri'a a majalisar dattawan jahar, da shugabanni suka ƙirga suka ga ba su da rinjaye sai suka soke zaman. Daga baya suka miƙa tambayar ga jama'a, a 2020 kusan kashi 67 cikin 100 suka ce i. A Ohayo tsarin ya tanadi a fara kai ƙudurin jama'a gaban majalisa, a ba ta wata 4 ta yi wani abu a kai. Ba ta amince ba, ba ta gyara ba, ta yi shiru har lokacin ya wuce. Mutum yana karɓar albashi don ya auna doka mai wuya, ya ce i ko a'a da sunansa a rubuce, amma sai ya laɓe bayan akwatin zaɓe. In abin ya yi kyau ya ce da mu aka yi, in ya ɓaci ya ce ai ku kuka zaɓa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne abin da ke biyo baya in jama'a sun yi magana. A Ohayo ɗin nan, kashi 57 cikin 100 suka amince a Nuwamban 2023. Kafin dokar ta soma aiki a Disamba, majalisar dattawan da ta yi gum a baya ta farka ta zartar da gyara na rage yawan abin da gida zai iya shukawa da ƙara haraji. A Yuta jama'a sun amince da wiwi don magani a Nuwamban 2018, wata ɗaya bai cika ba majalisa ta yi zama na musamman ta maye gurbin dokar da wata mai tsauri. Na Misisifi ya fi ban takaici. A 2020 majalisa ta sa nata ƙudurin kusa da na jama'a a takardar zaɓe, abin da masu ƙudurin suka ɗauka dabara ce ta raba ƙuri'u. Na jama'a ya ci duk da haka. A 2021 kotun ƙolin jahar ta rushe shi, dommi? Don tsarin mulkin jahar ya ce a tara sa hannu daga mazaɓu 5, alhali tun bayan ƙidayar 2000 mazaɓu 4 suka rage. Shekara da shekaru majalisa ta san da wannan giɓi ba ta toshe shi ba. Da hukuncin ya faɗo, hanyar raba gardamar gaba ɗaya ta mutu, kuma shekaru suka wuce ba a maido ta ba.

Ban ce duk abin da jama'a suka zaɓa daidai ne ba. Ƙuri'ar raba gardama ma kuɗi ke tuƙa ta. A Fulorida a 2024 kamfanin Trulieve, mai sayar da wiwin magani, ya zuba fiye da miliyan 100 na dalar Amurka a yaƙin neman halattawa. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sayen ƙosai ba. Ƙudurin ya samu kusan kashi 56, ya gaza kai kashi 60 da ake buƙata. Amma wannan ma laifin majalisa yake ƙara nunawa. In ɗan majalisa ya ƙi rubuta doka, kamfanin da ke da kuɗin tara sa hannu shi zai rubuta ta, kuma zai rubuta ta yadda za ta yi masa daɗi.

Yanzu mu zo ga zancen kuɗi. Kolorado ta soma sayarwa ranar 1 ga Janairun 2014, kuma kafin a cika shekara 10 harajin da ta tara ya haura miliyar 2 na dalar Amurka. Tun cikin ƙudurin 2012 an rubuta cewa miliyan 40 na farko na wani rukunin harajin za su tafi ginin makarantu kowace shekara. Da sauran jahohi suka ga haka, sai harshen ƴan siyasa ya soma sauyawa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne John Boehner, wanda ya taɓa zama ɗan majalisar jahar Ohayo, ya kai ga shugabancin majalisar wakilai ta tarayya daga 2011 zuwa 2015. Yana kan kujera ya ce adawarsa da halatta wiwi ba mai sauyawa ba ce. A 2018 ya shiga kwamitin wani kamfanin wiwi mai suna Acreage Holdings. Sauya ra'ayi ba laifi ba ne, mutum yana ƙaruwa da ilimi. Sai dai akwai tambaya a kan ra'ayin da bai sauya ba lokacin da ake kama mutane, sai lokacin da ake raba hannun jari.

Su wa aka kama? Ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta ACLU ta fitar da bincike a 2013 da ya nuna baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar shiga hannu kan wiwi kusan sau 4, alhali yawan shan su kusan ɗaya ne. A 2020 ta sake dubawa, bambancin bai ragu ba sai ɗan kaɗan. Kuma a can kamun ba ya ƙarewa a ofishin ƴan sanda. Sunanka yana zama cikin kundin masu laifi, ya biyo ka wajen neman aiki da hayar gida. Saurayin da aka kama da ƙulli ɗaya yana yawo da wannan tabo, a titin da wani mai jari ya buɗe shago da fitilu yana sayar da abu guda da izinin hukuma. Dokokin farko na 2012 sun buɗe kasuwa ba su goge wa kowa laifinsa na baya ba.

A nan ne wasu ƴan majalisa suka cancanci yabo, kuma ya kamata a faɗa. A Ilinoi mata huɗu, Heather Steans, Kelly Cassidy, Toi Hutchinson da Jehan Gordon-Booth, suka jagoranci dokar 2019, suka sa goge tsofaffin laifuka a cikinta, suka ware kashi 25 cikin 100 na harajin don unguwannin da kame ya fi ɗaiɗaitawa. Ranar 31 ga Disamban 2019 gwamna Pritzker ya yafe wa mutane fiye da 11,000. A Niyok, Crystal Peoples-Stokes da Liz Krueger sun daɗe suna ja da gwamna Cuomo har dokar 2021 ta ware wa irin waɗannan unguwanni kashi 40 cikin 100.

Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. A Ilinoi kamfanonin da ke da izinin wiwin magani tun da can su aka bari suka fara sayarwa a 2020. Da aka zo raba sababbin izini 75, masu nema 21 ne kaɗai suka kai matakin ƙuri'a, ƙorafi da shari'a suka tsaida komai na tsawon lokaci, manya suka cinye kasuwar kafin ƙanana su buɗe ƙofa. A Niyok an sa hannu a doka a Maris na 2021, shagon farko mai izini bai buɗe ba sai Disamban 2022, a tsakani shagunan da ba su da izini suka cika birnin. A Bajiniya majalisa ta halatta mallaka a 2021 ta ɗage zancen sayarwa, rinjaye ya sauya, daga baya gwamna Youngkin ya hau kujerar na-ƙi a 2024 da 2025. Aka shafe shekaru mallaka halas, wurin saye na halas babu. Wa ya ci ribar wannan in ba dillalin bayan fage ba?

Akwai kuma mai adawa da nake girmamawa. Ronald Rice, baƙar fata, tsohon ɗan sanda a birnin Newark, ya daɗe a majalisar dattawan Niyu Jasi. Ya yarda a daina ɗaure mutane kan ɗan abin sha, ya yarda a goge tsofaffin laifuka, amma ya ƙi yarda da kasuwa, don yana tsoron illarta za ta sauka a unguwannin talakawa irin tasa. Ko ba ka yarda da shi ba, ka san inda ya tsaya, kuma ya raba tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗawa: shin a ɗaure mai sha, da shin a ba kamfani dama ya nemi riba da ƙaruwar masu sha. Ana iya cewa a'a ga duka biyun.

Zancen lafiya shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Wiwin da ake kamawa a Amurka a tsakiyar shekarun 1990 sinadarin THC mai sa maye bai wuce wajen kashi 4 cikin 100 ba. Yanzu ya ninka haka sau uku ko huɗu, ban da tatacciyar da ake sayarwa mai ƙarfin kashi 60 zuwa sama. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi kan alaƙar mai ƙarfin da taɓin hankali, musamman ga matasa da ƙwaƙwalwarsu ba ta gama ƙosawa ba. Jahohi kaɗan ne, irin su Vermont, suka sa iyaka ga ƙarfin. Kolorado sai a 2021 ta tsaurara doka kan tatacciyar, kuma wata likitar yara a majalisar, Yadira Caraveo, na cikin waɗanda suka matsa. Masu goyon baya da yawa ba sa son wannan zance don yana rage ciniki. Masu adawa da yawa kuma suna ambaton lafiyar yara ne kawai a matsayin hujjar ci gaba da kame, kamar gidan kaso asibiti ne.

Muhawarar ba ta tsaya a can ba. Maroko ta halatta noman wiwi don magani da masana'antu a 2021, majalisar Gana ta amince da noman irin da ƙarfinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. A nan gida, a Maris na 2021 an kama tan 17 na ƙullin wiwi a Yamai, kuma kowa ya san abin da tramol ke yi a unguwanninmu. Duk ranar da zancen ya zo gaban masu yi mana doka, kada mu tsaya ga jin wane ya ce halas, wane ya ce haram. Mu tambaye shi: saurayin da ke tsare kan ƙulli ɗaya, me za ka yi da shi? Wanda abin ya kama wa ƙwaƙwalwa, gado nawa ka tanadar masa a asibiti? In akwai kuɗi a ciki, aljihun wa za su shiga? Kuma za ka kaɗa ƙuri'ar da sunanka, ko za ka jira wasu su ɗauke maka nauyin?