Jaridun Larduna da Masu Buga Su

Duk wanda ya koyi karatu da girmansa ya san wahala ba ta ƙarewa ran da aka miƙa masa takardar shaida. Kadan mutum ya fita aji bai sami abin karantawa ba, kafin damina biyu sai baƙaƙen su fara ɓace masa, kamar gonar da aka share aka ƙi shukawa. Saboda wannan ne aka yi jaridun larduna a ƙasar Arewa, zamanin Yaƙi da Jahilci. Yau babu su, ba kowa ne ma ya san sunayensu ba. Nufin wannan bayani shi ne mu duba asalinsu, mu yaba abin yabo, mu kuma faɗi inda suka gaza, don kada wanda zai kafa jarida a garinsu gobe ya faɗa ramin da suka faɗa.

Ba a ba da labarin 'ya'ya sai an fara da uwa. Uwar jaridun Hausa ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya cikin watan Janairu na 1939. Kafin ita an yi wata, Jaridar Nijeriya ta Arewa, wadda ta fara a 1932 da Hausa da Larabci da Turanci, amma galibi sarakuna da ma'aikata ne masu ganinta. Gaskiya kuwa don jama'a aka yi ta, kuɗinta kwabo ɗaya, kamar yadda sunanta ya nuna. Gwamnatin Turawa ce ta kafa ta, a lokacin da jita-jita ta cika ƙasa cewa za a ba Jamus Nijeriya. Dakta Rupert East na Hukumar Talifi shi ne mai lura da ita, Malam Abubakar Imam, mutumin Kagara, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, shi ne edita. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada ta Zariya, ya zama shi ne mai buga ta.

Abin da ya sa Gaskiya ta shiga zuciyar mutane, editanta ya san Hausa, ya kuma san mutane. Ya buɗe wa masu karatu fili suna aiko da wasiƙu, ɗan kasuwa da malamin makaranta kowa yana faɗin abin da ya dame shi. Amma fa jarida ɗaya ce ga larduna 12. Mutumin Argungu zai karanta labarin yaƙi a Barma da na majalisa a Kaduna, ya rasa layi ɗaya a kan kasuwar garinsu. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

To, da aikin Yaƙi da Jahilci ya kankama a farkon shekarun 1950, azuzuwa suka bazu ƙauyuka, sai gwamnatin Jihar Arewa ta kafa wata hukuma a Zariya da ake kira NORLA, don ta wadata sababbin masu karatu da littattafai da jaridu. A hannunta ne jaridun larduna suka yawaita. Sakkwato tana da Zaruma, Katsina tana da Himma, Kano tana da Sodangi, Zazzau tana da Bazazzaga. Na Bauchi suka sami Zumunta, na Filato Gamzaki, na Neja Haske, na Barno Albishir, na Adamawa Ardo. Ba Hausa kaɗai ba, har Tibi suna da tasu da harshensu, Mwanger u Tiv.

Bari mu fara da alherinsu, gama yana da yawa. Na farko, dubi sunayen nan. Ba a ɗauko ko ɗaya daga Ingila ba. Bazazzagi ya ji an ce Bazazzaga, ya san tasa ce. Bafillace ya ji an ce Ardo, ya san da shi ake. Na biyu, an rubuta su da Hausa mai sauƙi, gajerun labarai, yadda wanda ya gama aji bara zai iya bi da yatsa har ya kai ƙarshe ba tare da ya nemi mai ja masa baƙi ba. Na uku, wanda ya fi duka, sun nuna wa talaka cewa garinsu ma abin bugawa ne. Mutum ya ga sunan ƙauyensu a takarda, an ce an haƙa rijiya, ko an naɗa sabon dagaci, ko an buɗe kasuwar auduga, ko mai allurar shanu zai zo ran kaza. Daga ran nan karatu ya tashi daga abin yara 'yan makaranta, ya koma abin amfanin magidanci. Jarida guda kuma ba mutum guda ke cin moriyarta ba. Ɗaya ya karanta a dandali ko a ƙofar gidan mai unguwa, goma suna saurare, wani ma daga nan sha'awa ta kama shi ya je ya ba da sunansa a aji. Wannan aiki ne babba, wanda ya raina shi bai san yadda ƙasa take a lokacin ba.

Amma yabon gwani ba ya hana a nuna masa inda ya yi tuntuɓe. Aibin jaridun nan na farko shi ne, sunan na gari ne, mai bugawa kuwa ba ɗan gari ba ne. Labarin Sakkwato sai ya tafi Zariya a shirya shi, a buga, sa'an nan a komo da shi. Jirgin ƙasa iyakarsa Ƙaura Namoda ta wannan fuska, sauran tafiya daga Gusau sai a mota. Maiduguri kuwa jirgi bai isa can ba sai 1964. Labarin da ya yi wannan doguwar tafiya, kafin ya iso matafiya da 'yan kasuwa sun riga sun ba da shi a tasha. Jarida ta zama mai tabbatar da abin da kowa ya ji, ba mai kawo sabo ba.

Aibi na biyu ya fi wannan nauyi. Kuɗin gwamnati ne ke buga su, ta hannun ma'aikatan gwamnati da na En'e suke isa ga jama'a, daga wajensu kuma yawancin labarun ke fitowa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Mai aiko da labari wanda albashinsa ke fitowa daga baitulmalin En'e yana iya rubuta cewa hakimi ya yi rangadi lafiya. Da wuya ya rubuta cewa an zalunci wani wajen haraji, ko an tauye mudu, ko shari'a ta karkata wajen mai hannu da shuni. Ba wai babu irin wannan kuka a ƙasa ba. Shi kansa Abubakar Imam, sa'ad da ya tafi Ingila a 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga ya bayyana masa abubuwan da ke damun Arewa. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e. A shekarar ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Watau maganar tana bakin manya, tana bakin talakawa, amma jaridar da ta fi kusa da talaka ita ce mafi ƙarancin ikon ɗaukarta. Wanda yake son zazzafar magana sai ya nemi irin su Daily Comet, wadda Dakta Azikiwe ya mai da Kano a 1949.

Kada a ɗora laifin nan a kan editocin. An ba su aikin raya karatu, sun kuwa raya shi. Laifin yana ga yadda aka dasa abin tun farko. Itacen da aka dasa a tukunya, ana ɗebo masa ruwa daga nesa, ran da mai ban ruwa ya gaji ran nan zai fara yaushi. Haka kuwa aka yi. NORLA tana kashe kuɗi fiye da abin da take samu, aka rufe ta a 1959, aikinta ya koma hannun Kamfanin Gaskiya. Yawancin jaridun larduna ba su daɗe a bayanta ba. Da a ce attajiran gari suna ba su talla, masu karatu kuma sun saba biyan kuɗin da zai riƙe su, da rufe ofis ɗaya a Zariya bai isa ya kashe su ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da wannan. A 1966 aka kafa New Nigerian a Kaduna, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashin kamfaninta, ta yi shekaru masu yawa tana fitowa, daga baya ita ma ta tsaya sa'ad da kamfanin ya durƙushe. A Kano kamfanin Triumph na gwamnatin jiha ya fito da Albishir da boko, da Alfijir da ajami. Su ma ƙarfinsu ya riƙa hawa da sauka gwargwadon hannun da ke ciyar da su. Aminiya kuwa, wadda kamfanin Media Trust ya fara a 2006, ba ta gwamnati ba ce, amma ta ƙasa duka ce, ba ta gari guda ba. Gurbin da Zaruma da Himma da 'yan'uwansu suka bari, rediyo da wayar hannu sun cike wani sashe nasa. Sai dai maganar rediyo iska ce, ta waya kuma sau da yawa ba a san mai ita ba. Abin da aka buga da sunan edita, shi ake iya ajiyewa, a ɗauko bayan shekara goma a ce ga abin da aka yi mana alkawari.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kada ka ɗauka jaridar gari kyauta ce da ake jira daga sama. Kadan aka tashi yin ta a garinku, ko a takarda ko a waya, tambayi abu biyu: wa ke biyan kuɗinta, kuma tana iya buga kukan mai ƙaramin ƙarfi in ya zo da gaskiya? In amsar ta yi daɗi, saya da kuɗinka, kada ka tsaya aro. Ka kuma aika mata da labarin unguwarku da hannunka, da sunanka a ƙasa, gama don irin wannan rana ka koyi riƙon alƙalami. Jaridun larduna sun koya wa kakanninmu karanta labarin garinsu. Rubuta shi da riƙe shi, wannan ya rage gare mu. Allah ya sa mu dace.