Idon Beyar Da Idon Kyamara: Sharhi A Kan Fim Ɗin Grizzly Man

Fim ɗin da za mu duba a wannan fitowa shi ne Grizzly Man, wanda Bajamushen nan Werner Herzog ya fitar a 2005. Ba ƙagaggen labari ba ne. Tauraronsa, Timothy Treadwell, Ba'amurke ne da ya yi bazara 13 yana kafa tanti a gaɓar tekun gandun dajin Katmai da ke jihar Alaska, inda babu hanyar mota, sai ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Abin da ya kai shi can shi ne beyar, wata ƙatuwar dabba mai launin ƙasa-ƙasa da ke ƙiba da kifin salmon, wadda namijinta kan haura kilo 400. A shekaru 5 na ƙarshe ya ɗauki hoton bidiyo na sama da awa 100. A watan Oktoba na 2003 wani beyar ya kashe shi tare da budurwarsa, Amie Huguenard. Daga cikin hotunan nan ne Herzog ya tsamo fim ɗinsa.

Ke nan masu ba da labari biyu gare mu, kuma ba su jituwa. A nan ne armashin aikin yake.

Treadwell gwani ne na ɗaukar hoto, wannan babu ja. Faɗan wasu manyan maza biyu da ya ɗauka a bakin ruwa, suna tsaye da ƙafafun baya, gashi na tashi, abin kallo ne. To amma fa bai yarda dabba ta zama dabba ba. Ya raɗa musu sunaye, yana gaya musu yana ƙaunarsu, yana kai hannu ya taɓa su, alhali dokar gandun ta hana a kusanci beyar ƙasa da yadi 50. Yana cewa kare su yake yi daga mafarauta, a dajin da tuni aka haramta farauta a cikinsa. Sau da yawa yakan maimaita jawabi ɗaya a gaban kyamara har sai ya yi masa daɗi. Wanda ya lura zai gane cewa beyar ɗin 'yan rakiya ne kawai, labarin na Treadwell ne: mutumin da ya sha fama da giya da ƙwaya, ya so zama ɗan wasan fim bai samu ba, ya zo daji neman inda zai zama jarumi. Mun sha karanta littattafan da marubucin ya cusa wa kowane tauraro bakinsa. Ga irinsa nan a hoto.

Herzog bai yi masa dariya ba, kuma wannan abin yabo ne. Har ma ya zaɓo wuraren da Treadwell ya fita daga hoto ya bar kyamara tana aiki, iska na kaɗa ciyawa, ya nuna cewa nan ne hoton ya fi kyau. Ya kuma ba Sven Haakanson, ɗan ƙabilar Alutiiq daga tsibirin Kodiak, damar bayyana cewa mutanensu sun yi dubban shekaru suna kiyaye iyaka tsakaninsu da beyar, kuma ƙetare iyakar raini ne ga dabbar, ba ƙauna ba.

Wurin da ya fi kowane ƙarfi a fim ɗin shi ne wanda ba a nuna komai ba. Lokacin harin kyamara na kunne amma murfin idonta na rufe, sai sauti na kusan minti 6 ta naɗa. Herzog bai sa mana shi ba. Muna ganin ƙeyarsa kawai yana saurare, da fuskar Jewel Palovak, tsohuwar abokiyar aikin Treadwell, tana kallonsa har ta fashe da kuka. Mai kallo ya ji tashin hankalin duka, ba tare da an yi tallan mutuwar bayin Allah ba.

Sai dai muna da ƙorafi. Kusa da ƙarshe Herzog ya kafa hoton fuskar beyar, ya ce shi bai ga zumunci ko tausayi a idon ba, sai halin ko-oho da neman abinci. Wataƙila haka ne. Amma shi ma ai fassara ya yi wa ido, ya ɗora masa tasa falsafar cewa duniya rikici ce da kisa. Dalilin da ya fi kusa kuwa a fili yake: Oktoba lokaci ne da beyar ke cin abinci ba ƙaƙƙautawa kafin dogon barcin hunturu, kifi ya ja baya, kuma Treadwell ya wuce lokacin da ya saba barin dajin. Yunwa da ganganci sun isa bayani.

Sannan ga Amie. Sau biyu ko uku kacal ta bayyana a hotunan, don Treadwell na so a ɗauka shi kaɗai ne a daji. Herzog ya ambaci hakan, danginta kuma ba su yarda su yi magana ba, to amma ya wuce da sauri ya koma kan jarumin nasa. Ita ce mai tsoron beyar, ita ce kuma ta tsaya tana dukan dabbar da kaskon suya maimakon ta gudu. Washegari ma'aikatan gandun suka harbe beyar biyu a wurin, ɗaya daga cikinsu tsoho ne mai kimanin shekara 28. Ba shi da suna a fim ɗin, sai lamba 141.