3.4 Marsiyyar Nana Asma'u ga Muhammadu Bello: Muhimmancin Rerawa

A wannan sashe za a duba marsiyyar da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta yi wa yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a shekarar 1837 (1253 Hijira). An zaɓi wannan waƙa ne domin mawallafiyar da mamacin duk marubuta waƙoƙi ne. Ubansu ɗaya, kuma sun yi tarayya a aikin ilimi. Misali, littafin da Bello ya rubuta da Larabci a kan salihan mata, wato Kitabun Nasiha, Asma'u ce ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da kuma Hausa. Saboda haka, wanda ta rasa ɗan'uwa ne, shugaba ne, kuma abokin alƙalami ne.

Abu na farko da ya kamata manazarci ya lura da shi shi ne, waƙa irin wannan an tsara ta ne domin a rera ta a gaban jama'a. Wannan ɗabi'a ce ta rubutacciyar waƙa a ƙasar Hausa baki ɗaya. Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja, kamar mai wannan nazari da ya tashi a Kirikasamma, ya san cewa yawancin mutane sun san waƙoƙin wa'azi ta kunne ne, daga bakin almajirai da makafi masu rera Imfiraji ta Aliyu Namangi, tun kafin su ga baiti ɗaya a takarda. Ita kuwa Asma'u, ta hanyar jajojin 'Yan Taru ne waƙoƙinta suka shiga ƙauyuka, inda ake rera wa mata su haddace. Ashe ke nan, wanda ya tsaya ga takarda kaɗai rabin waƙar ya nazarta.

Ta fuskar jigo, marsiyyar ta bi tafarkin da aka gada daga ƙasidun Larabci: ambaton Allah, da bayyana baƙin ciki, da jero kyawawan halayen mamaci, sannan addu'a. Mai karatu da ido zai iya ɗaukan jeron halayen a matsayin lissafi mai gundura, domin an ambaci iliminsa, da tsayar da shari'a, da taimakon jama'a, ɗaya bayan ɗaya. Amma idan aka rera, al'amarin yakan sauya. Kowane baiti yana da wurin tsayawa da jan numfashi, kuma amsa-amo yana dawo da kunnen mai sauraro wuri guda a ƙarshen kowane baiti. Wannan tsayawa ita ce ke bai wa wanda ya san mamacin damar tuna abin da ya gani da idonsa, ya girgiza kai, ya yi masa addu'a. Wato dai, masu sauraro su ne shaidun abin da mai waƙa ke faɗa.

Ta fuskar salo kuwa, babu inda waƙar ta fi ratsa zuciya kamar inda Asma'u ta kamanta kanta da ɗan tsakon da uwarsa ta mutu ta bar shi yana kuka. Wannan kamance daga tsakar gida aka ɗauko shi, kuma kowace mace ta san sautin kukan ɗan tsako. Abin lura shi ne, hoton na sauti ne, domin kunne ke kama shi kafin ido. Malama mai shekara fiye da 40, wadda ake zuwa ɗaukar karatu wurinta, ita ce ta mayar da kanta ƙaramin abu mai rauni a bainar jama'a. Sai dai ba ta zarce ba. Nan da nan takan mayar da al'amari ga Allah, domin shari'a ta yarda da hawaye, amma ta hana kururuwa da yagar tufafi. A ra'ayin mai wannan nazari, ƙarfin waƙar yana cikin wannan ja-in-ja tsakanin kuka da haƙuri, kuma a muryar mai rerawa ne ake jin sa sosai.

Bugu da ƙari, akwai wata manufa da ke ƙarƙashin yabon. Bello ya shekara 20 yana riƙe da daula, daga 1817 zuwa 1837, kuma shekara guda kafin rasuwarsa ya ci yaƙin Gawakuke. Bayansa sai ƙanensa Abubakar Atiku ya hau. A irin wannan lokaci, jero halayen shugaban da ya tafi a gaban masu rai tunatarwa ce ga wanda ya gaje shi da kuma masu yi masa hidima. Mijinta, Waziri Giɗaɗo, ya yi irin wannan aiki a zube cikin littafinsa Al-Kashfu wal Bayan, wanda ya tattara halayen Bello. Bambancin shi ne, littafin Larabci malamai kaɗai ke buɗe shi, waƙa kuwa har wanda bai iya karatu ba yakan ɗauke ta a ka.

A taƙaice, kundin ayyukan Asma'u da Jean Boyd da Beverly Mack suka wallafa a 1997 ya taimaka wajen adana matanin wannan marsiyya. Abin da ya rage ga manazarta shi ne su riƙa sanya rerawa cikin ma'aunin feɗe waƙa, tare da jigo da salo da zubi da tsari. A sashe na gaba za a gwada wannan ma'auni a kan marsiyyarta ga baffanta Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829.