Jinjina Ga Masu Raba Abinci A Hollywood

A daren bikin Oscar, da zarar an gama raba kyaututtuka, manyan taurari kan wuce walimar Governors Ball, wadda Wolfgang Puck ya daɗe yana shirya abincinta. A irin waɗannan walimomi na Los Angeles, da yawa cikin masu zagayawa da tire 'yan wasa ne da marubuta da mawaƙan da tauraronsu bai haska ba tukuna.

Sun zaɓi sana'ar ne domin yawancin aikin na dare ne da ƙarshen mako. Da rana sai su je gwajin fim, su koyi wasa, su yi rubutu.

Yajin aikin ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA na 2023, wanda ya ɗauki kwana 118, ya fallasa halin da ake ciki. A wancan lokacin, cikin mambobi kusan 160,000, mafi yawa ba sa samun dala 26,470 a shekara daga wasa, kuɗin da a 2023 ke ba mutum damar shiga inshorar lafiyar ƙungiyar.

Sannunku da ƙoƙari, 'yan'uwa. Kun ƙi roƙo, kun ƙi zaman kashe wando, kun ci guminku ba tare da kun saki burinku ba. Allah Ya kai ku gaci.