Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Aventus da Club de Nuit a Kan Sikeli

Jama'a, Disamba ta shigo. Tsakanin Kirsimeti da bikin Afan na 1 ga Janairu, mu masu shago a Kagoro mun san turare na tafiya. Wanda samari suka fi tambaya shi ne Club de Nuit Intense Man na kamfanin Armaf da ke Daular Larabawa, wai shi ne "Creed na talaka".

Creed Aventus ya fito a 2010. Kwalbarsa mai mililita 100 ta haura dala 400. Club de Nuit ya biyo baya a 2015, mililita 105, kuma bai kai dala 50 ba. Da wani ɗanmu ya zo daga Abuja da Aventus na ainihi, sai muka fesa kowanne a hula guda bayan La'asar, muka rataye.

Fesawar farko akwai bambanci. Aventus na buɗewa a hankali da ƙamshin abarba da tuffa, kamar baƙo mai sallama. Ɗan Armaf kuwa da lemun tsami mai kaifi yake shigowa, sai ka ba shi 'yan mintoci ya huce. Zuwa Magariba sun haɗu a ƙamshin hayaƙin itace da almiski, har dattawa biyu suka kasa rabewa. Da Asuba duk hulunan na ƙamshi, amma na Aventus ya fi laushi a hanci.

To, hukuncinmu: mai tsadar ya fi, amma fifikon bai kai ninki takwas ba. Yawancin kuɗin na suna ne. Wanda zai hau okada ya ratsa ƙurar hunturu zuwa Kafanchan, mai arahar ya ishe shi. Mai shakka kan sinadarin barasa da ke cikin duka biyun, malamai sun saɓa a kai, ga Binta Sudan da ake yi a Kano, na mai ne, ya ishe ka turaren Juma'a.

Abin da ke damunmu shi ne na ukun. Armaf kwaikwayo ne, amma sunansa ya rubuta a kwalbarsa, bai yaudari kowa ba. Jabu fa? An rubuta Creed a kwali, a ciki Allah kaɗai ya san me aka ɗura. Bara wani maƙwabcinmu ɗan Kagoro ya sayi irinsa a hannun wani ɗan unguwarmu don ya ba surukinsa. Kafin a tashi daga coci ƙamshin ya gudu. Da ya dawo bai ce wane ya cuce ni ba, cewa ya yi Hausawa sun cuce ni. Kun ji inda gizo ke saƙar. Garin nan ya sha wuya kafin zama ya daidaita, kuma amana ce jarinmu a cikinsa.

Saboda haka, ɗan'uwa mai shago, in kwaikwayo ne ka ce kwaikwayo ne, ka ci ribarka ta halal. Kai kuma mai saye, ka duba lambar NAFDAC, ka fesa a hannu, ka zaga kasuwa ka dawo kafin ka biya. Duk wanda ya miƙo maka Creed a kuɗin Armaf, ka ce na gode, ka wuce.

Allah Ya sa mu dace.