Gwanintar Mai Saita Suwic

A kusan kowane banki, asibiti ko jami'a akwai wani ɗan ɗaki mai sanyi da ba kowa ke shiga ba. A ciki akwai kabad na ƙarfe, a cikin kabad ɗin kuma wata na'ura shimfiɗaɗɗiya mai kafofi 24 ko 48 a jere, kowace kafa da 'yar fitilarta tana ƙiftawa. Ita ce suwic. Duk wayar da ta taso daga kwamfutar mai karɓar kuɗi, ko kyamarar bakin get, ko firintar ofishin akawu, nan take ƙarewa. Ina ganin girman waɗanda suka iya saita wannan na'ura, musamman da yake ranar da aikinsu ya yi kyau babu mai sanin an yi shi.

Ita kanta suwic tana da wayonta. Kowace na'ura tana da lambar shaida da ake kira MAC. Da saƙo ya shigo, sai suwic ta duba lambar wanda ya aiko, ta rubuta cewa wane yana kafa kaza. In saƙo ya zo wa wanda ta sani, sai ta miƙa masa shi kaɗai. In ba ta san shi ba, ta aika ta duk sauran kafofin. Wanda ya yi shiru na daƙiƙa 300, yawancin suwic sukan share sunansa. Kafin kamfanin Kalpana ya fito da irinta wajen 1990, kowa na jin saƙon kowa ne a waya ɗaya, saƙonni suna ta karo da juna. Cisco ya sayi Kalpana a 1994.

Amma wayon na'ura iyakarsa ke nan. Ba ta san wace kwamfuta ce ta albashi ba, ba ta san wace ce ta baƙo ba. Wannan sai mutum.

Gwani yakan fara da wata 'yar waya mai launin shuɗi-shuɗi da yake haɗa kwamfutarsa da bayan suwic ko gabanta, ya saita gudun magana a 9600, sai baƙin allo ya buɗe yana jiran umarni. Ba ya gaggawa. Zai raɗa mata suna da zai nuna ginin da take da hawan da take, ya sa kalmar sirri, ya rufe Telnet da ke aika kalmar sirri a fili, ya buɗe SSH da ke lulluɓe ta. Zai daidaita agogonta, domin ranar da matsala ta auku, rahoton da lokacinsa ya karkace ba ya kama ɓarawo. Sannan ya bi kafofi ɗaya bayan ɗaya yana rubuta inda kowace ta nufa: kafa ta 7 ɗakin magani, ta 12 kyamarar baya. Wadda ba a amfani da ita ya kashe ta. Aiki ne mai cin rai, kuma a nan nake fara gane wanda ya ƙware, don yana yi ne saboda wani da zai zo bayansa wanda wataƙila ba za su taɓa haɗuwa ba.

Daga nan sai rabon gida, abin da suke kira VLAN. Suwic ɗaya ce, amma a raba ta yadda kwamfutocin kuɗi ba za su ji na baƙi ba. Ƙa'idar 802.1Q ta 1998 ita ta tsara a liƙa wa kowane saƙo 'yar alama mai nuna sashensa, kuma ana iya yin sassa har 4094. Haka nan ba ya wasa da tsarin da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, wanda ke hana saƙo zagaye ba iyaka. Mai shara ko wani ma'aikaci da ya ga waya tana reto zai iya cusa bakinta a wata kafar da kyakkyawar niyya, alhali ɗaya bakin ma a suwic ɗin yake. In babu wannan kariya, cikin daƙiƙoƙi ginin gaba ɗaya zai tsaya cik.

Inda abin ya fi burge ni shi ne aiki daga nesa. A ce injiniya yana Kano, suwic tana reshen ofis a Gusau, yana so ya ƙara sashe na 30 a babbar wayar da ke ɗauke da dukkan sassa. In ya rubuta switchport trunk allowed vlan add 30, lafiya lau. In ya manta kalmar add, harafi uku kacal, na'urar za ta ɗauka yana nufin 30 kaɗai, ta zubar da sauran, har da sashen da shi kansa yake bi yana magana da ita. Allo ya daskare. Ya rufe ƙofa da kansa, makulli yana ciki, sai dai a hau mota. Manya ma ba su tsira ba: ranar 4 ga Oktoba 2021, umarni guda lokacin gyaran yau da kullum ya yanke manyan hanyoyin Facebook, WhatsApp da Instagram na kusan awa shida, har sai da aka tura injiniyoyi inda na'urorin suke.

To ga dabarar gwani. Suwic ta Cisco tana da saiti biyu. Wanda take aiki da shi yanzu kamar rubutun allo yake, da wuta ta ɗauke an wanke shi. Wanda take tashi da shi kuwa yana ajiye a wurin da ɗaukewar wuta ba ta taɓawa. Kafin ya taɓa komai, gwani yakan rubuta reload in 10, wato in minti goma ta cika ki kashe kanki ki tashi. Sai ya yi canjinsa bai adana ba. In hanya ta yanke, ya jira, na'urar ta tashi da tsohon saitinta, ƙofa ta buɗe. In komai ya tafi daidai, ya soke umarnin, sannan ya adana da copy running-config startup-config. Na'urorin Juniper suna da irin wannan a cikin commit confirmed. Ka ga sanin lokacin adanawa shi ne ilimin. Wanda ya yi saurin adanawa ya adana kuskurensa. Wanda ya manta kuwa, a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, batirin ajiya kuma yana iya gazawa kafin janareto ya tashi, aikin wuni guda zai iya bin iska, kuma sau da yawa ba a ganewa sai bayan makonni.

Duk da haka saitin da ke cikin suwic kaɗai bai zama ajiya ba. Tsawa ɗaya ta damina tana iya ƙona na'urar da duk abin da ke cikinta. Don haka yakan fitar da kwafi zuwa wata kwamfutar, da sunan na'ura da kwanan wata. Da can TFTP aka fi amfani da shi, mai sauƙi amma ba ya tambayar kowa kalmar sirri, shi ya sa mai kula ya fi son SCP. Ya san fayil ɗin yana ɗauke da sirrin gidan, kuma ɓoyon kalmar sirri nau'i na 7 na Cisco ana warware shi nan take, saboda haka ba ya barin sa a filashin da ke yawo a aljihu. Ya kuma san cewa a suwic ɗin Cisco da yawa jerin sassan yana zaune ne a wani fayil dabam mai suna vlan.dat, wanda mai koyo kan manta da shi.

Inda na'urori suka yi yawa, manhajoji irin su RANCID da Oxidized sukan zagaya da kansu suna ɗebo saitin kowace, su nuna layin da ya canja tsakanin jiya da yau. Ranar da aka wayi gari ana cewa intanet ba ya yi, tambayar farko ita ce me aka taɓa, amsar kuma tana nan a rubuce.

Saura gwaji. Gwani yakan ɗauko suwic ta ajiya, ya zuba mata kwafin, ya karanta duk layin da ta ƙi karɓa, domin sabon samfuri kan kira kafofinsa da wani suna dabam, wani tsohon umarnin ma ba ya gane shi. Ya gyara, ya sake zubawa, ya haɗa kwamfuta a kafa ta 7 ya tabbatar ta faɗa sashen ɗakin magani. Sannan ya rubuta matakan a takarda guda ya liƙa a jikin ƙofar kabad, yadda ko ba ya gari abokin aikinsa zai iya tayar da ginin.